Gidauniya Ko Gudummawa: Nazari A Kan Tallafin Ayyukan Al'umma A Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da kuɗin ayyukan al'umma ke bi kafin su isa unguwanni da ƙananan garuruwan da ke kudu da Kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera har zuwa Sabon Tasha da Kujama. An fara da bitar kalmomin da Hausa ke amfani da su wajen tara dukiya domin amfanin jama'a, sannan aka bi tarihin yankin daga kafa masaƙar farko a 1957, aka kuma auna tallafin da ke shigowa a yau da ma'aunin gidauniyar al'umma wadda ta samo asali a Amurka a 1914. Nazarin ya nuna cewa yankin yana da al'adar bayarwa mai ƙarfi, tallafi kuma yana shigo masa daga waje, amma abin da ya yi ƙaranci shi ne jari mai ɗorewa wanda mazauna yankin suka mallaka tare, ba tare da la'akari da addini ko ƙabila ba.

Fitilun Kalmomi: gidauniya, gudummawa, waƙafi, tallafi, kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ke sauraron labarai a gidajen rediyon Kaduna ya saba jin an ƙaddamar da gidauniya: ta ginin masallaci ko coci, ta gyaran makaranta, ko ta agaza wa waɗanda ambaliya ta shafa. Akan gayyaci babban mai ƙaddamarwa, a yi alkawura, a karanto jimillar abin da aka samu, a watse. Bayan shekara biyu ko uku, idan rufin ajin ya sake yoyo, sai a sake kiran wani taron. Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: me ya sa dukiyar da ake tarawa da sunan gidauniya ba ta cika wuce aikin da aka tara ta dominsa ba, kuma wane tsari ne zai sa ta ɗore? An zaɓi kudancin birnin Kaduna ne saboda a nan matsalar ta fi fitowa fili, kasancewar yankin ya rasa masana'antun da suka raya shi, ya kuma fuskanci rikice-rikicen da suka raba mazaunansa.

2.0 Kalmomin Tara Dukiya A Hausa

Asalin ma'anar gidauniya ita ce babbar ƙwarya, wadda ake zuba hatsi ko abincin taro a cikinta. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta koma asusun da jama'a ke zuba kuɗi domin wata manufa. Abin lura shi ne, ƙwarya mazubi ce kawai: ana cika ta, ana kwashewa. Wannan hoton ya bi kalmar har cikin sabuwar ma'anarta, shi ya sa Bahaushe kan ce an kafa gidauniya ko an ƙaddamar da ita, yana nufin taron neman taimako na rana ɗaya.

Sauran kalmomin ma kowace da iyakarta. Gudummawa taimako ne da ake kai wa wanda wata hidima ko wani bala'i ya sama. Gayya haɗa ƙarfi ce a kan aiki guda, kamar noma ko yashe kwata, kuma tana ƙarewa da ƙarewar aikin. Adashi kuɗi ne da ke zagayawa tsakanin masu zubi, kowa ya kwashi nasa idan layi ya zo kansa. Asusu kuwa a da ɗan tulun yumɓu ne mai tsaga, wanda sai an fasa shi ake cin moriyarsa. A cikin wannan rukuni, waƙafi ne kaɗai ke ɗauke da ma'anar tsare asalin dukiya a riƙa ciyar da amfaninta. Ke nan Hausa ta wadata da kalmomin tarawa da rabawa, amma kalmar ajiye jari domin jama'a aro ce daga Larabci, kuma har yanzu an fi jin ta a bakin malaman fiƙihu.

Akwai wani abin da ya kamata mai nazarin Hausa ya kula da shi a wannan yanki. Hausa ita ce harshen kasuwa da na ibada ga ɗimbin Kiristocin Gbagyi, Bajju, Atyap, Ham da Adara da ke zaune a nan. Da ita ake sanar da baiko a coci, da ita ƙungiyoyin Zumuntar Mata ke gudanar da taronsu da adashinsu. Saboda haka kalmomin sadaka, zakka, gudummawa da gidauniya gado ne na Musulmi da Kirista baki ɗaya.

3.0 Yankin Nazari Da Tarihinsa

Kudancin birnin ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi biyu. Kakuri, Makera, Barnawa da Television suna ƙarƙashin Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera. Nasarawa, Narayi, Sabon Tasha, Gonin Gora da garuruwa irin su Rido, Kakau da Gwagwada kuwa suna ƙarƙashin Chikun, mai hedikwata a Kujama. A ƙidayar 2006, Kaduna ta Kudu tana da mutane sama da 400,000, Chikun kuma sama da 360,000.

Masana'antu ne suka gina yankin. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. A tsakiyar shekarun 1960 masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. An kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980. Albashin dubban ma'aikata shi ne ya riƙe ƙungiyoyin tsimi da tanadi, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da kuma ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa da aka kafa a 1978, wadda ke da babban ofishinta a Kaduna. A ƙofar masaƙa, Bahaushe da Bakaje da Ibo layi ɗaya suke bi ranar biyan albashi, asusun ƙungiya ɗaya kuma suke zuba wa kuɗi. A ɗaya ɓangaren, mishan ta samar da cibiyoyi kamar asibitin St. Gerard da makarantar 'yan mata da ta koma Kwalejin Sarauniya Amina bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970.

Abubuwa biyu suka rusa wannan tsari. Na farko shi ne durƙushewar masaƙu: an rufe Kaduna Textiles a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, ma'aikata da yawa kuma suka shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu na sallama. Na biyu shi ne rikicin Fabrairu da Mayun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011. Jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi zuwa arewacin kogi, Kiristoci zuwa kudanci, har wasu ke yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Urushalima. Duk da haka akwai Musulmi masu yawa a Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa. Sakamakon abubuwan nan biyu, bayarwa ta koma cikin gidajen ibada da ƙungiyoyin ƙabila. Sai dai kwata, famfon burtsatse, taransifoma da makarantar firamare na kowa ne, don haka su ne suka fi rasa mai kula da su.

4.0 Hanyoyin Tallafi A Yau

Ana iya kasa tallafin da ke isa ga al'umma gida uku.

Kashi na farko shi ne na gwamnati da Bankin Duniya. Shirin CSDP, wanda ya gudana a Nijeriya daga 2009 zuwa 2021, ya ɗora wa al'umma alhakin zaɓen aikin da take so, ta kafa kwamitin gudanarwa, ta kuma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da ta hanyar yashi, dutse ko aikin ƙarfi ne. Shirin NG-CARES da ya biyo baya ya gaji wannan salo. A fannin ilimi, shirin NIPEP da ya shafi jihohin Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Sakkwato daga 2015 ya tura kuɗin gyaran makarantu ta hannun kwamitocin kula da makarantu, haka ma shirin AGILE na ilimin 'yan mata da aka amince da shi a 2020. A fannin lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko, inda wani kaso ke tafiya kai tsaye zuwa asusun asibitin mazaɓa ƙarƙashin sa idon kwamitin ci gaban mazaɓa.

Kashi na biyu shi ne na manyan gidauniyoyi masu zaman kansu. Gidauniyar T. Y. Danjuma, wadda aka kafa a 2009, tana ba ƙungiyoyin sa kai tallafi a fannin lafiya da ilimi. A Janairun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa hannu a kan yarjejeniyar rigakafin yara da gidauniyoyin Dangote da Bill da Melinda Gates.

Kashi na uku shi ne na cikin gida: karo-karon 'yan unguwa domin biyan 'yan sintiri, gyaran taransifoma ko cike ramukan hanya, da zakka da baiko.

Kashi biyu na farko sun koya wa jama'a buɗe asusun banki da sunan kwamiti, da ajiye rasit, da bayar da bahasi. Wannan riba ce ta gaske. Amma kowane shiri yana da ranar rufewa, kuma daga Abuja ko ƙasar waje ake tsara manufarsa. Mai ba da tallafi yakan biya kuɗin haƙa burtsatse, amma da wuya ya biya kuɗin sauya famfonsa bayan shekara huɗu. Kashi na uku kuwa mallakar jama'a ne, sai dai ba ya tashi sai matsala ta auku, kuma ba ya barin rara.

5.0 Gidauniyar Al'umma A Matsayin Ma'auni

A 1914 wani lauya kuma ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff ya kafa Gidauniyar Cleveland a Amurka. Damuwarsa ita ce dukiyar wasiyya da ake ɗaurewa a kan wata manufa wadda zamani zai iya wuce ta. Sai ya kawo tsarin da mutane da yawa za su zuba kyautarsu wuri ɗaya, a juya ta, wakilan gari kuma su riƙa raba ribar bisa buƙatun lokacinsu. Tsarin ya bazu a duniya, har ya iso Afirka, inda aka kafa irin wannan gidauniya a Kenya a 1997.

Siffofi uku ne suka bambanta gidauniyar al'umma da gidauniyar attajiri ɗaya ko ta taron rana ɗaya. Ta farko, wuri ne iyakarta: duk mazaunin yankin yana da haƙƙi a cikinta. Ta biyu, ba a taɓa uwar kuɗi, abin da ta haifa ake rabawa, galibi kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na jarin a shekara. Ta uku, ita ba ta gina aji ko asibiti da kanta, ƙananan ƙungiyoyin da ke aikin take bai wa tallafi bayan sun nema a rubuce. Idan aka duba da kyau, siffa ta biyu ita ce ainihin hukuncin waƙafi, ta uku kuma tana kama da abin da kwamitocin makarantu da na lafiya suka riga suka saba da shi. Siffa ta farko ce ke da wuyar samu a kudancin Kaduna, kuma ita ce aka rasa tun da aka rufe ƙofofin masaƙu.

6.0 Sharuɗɗan Ɗorewa

Sharaɗi na farko shi ne amana. Dole kwamitin amintattu ya haɗa Musulmi da Kirista, maza da mata, 'yan asalin wuri da baƙi, a yi masa rajista ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, a kuma riƙa karanta lissafinsa da Hausa a masallaci da coci da ƙofar mai unguwa. Cibiyar sasanta mabiya addinai da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a Kaduna a 1995 ta nuna cewa shugabancin haɗin gwiwa abu ne mai yiwuwa a wannan birni.

Na biyu shi ne kare jari. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, don haka kuɗin da aka ajiye a banki kawai narkewa zai yi. Hikimar waƙafi ta sanya dukiya a kadara, kamar shaguna da gidajen haya, ta fi dacewa da wannan hali. Ga masu gudun kuɗin ruwa kuma, akwai takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017.

Na uku shi ne farawa da kaɗan. A misali, idan gidaje 2,000 suka zuba naira 500 kowane wata, za a tara naira miliyan 12 a shekara. In aka raba rabi a matsayin ƙananan tallafi, aka ajiye rabi, jama'a za su ga amfani tun shekarar farko, jarin kuma yana ƙaruwa. Irin wannan asusu zai iya biyan kason da shirye-shiryen waje ke nema daga al'umma, ya kuma ɗauki nauyin gyara bayan sun tafi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kalmar gidauniya a bakin Bahaushe ta fi karkata ga tarawa da kwashewa, kuma haka ayyukan taimakon kai da kai suke gudana a kudancin Kaduna. Tallafin waje ya kawo ƙwarewar gudanarwa amma yana da wa'adi, karo-karon cikin gida kuma ya tsaya a iyakar addini da ƙabila tun bayan rufe masaƙu da rikicin 2000. Haɗa hukuncin waƙafi da ƙwarewar kwamitocin unguwa, a ƙarƙashin amintattun da kowa ya yarda da su, shi ne zai cike wannan giɓi. Ga masu nazarin Hausa akwai aiki a gaba: tattara yadda ake amfani da waɗannan kalmomi a tarukan Zumuntar Mata, da kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikatan masaƙu, tun waɗanda suka ga zamanin asusu ɗaya suna raye.