Igwar Jirgin Ruwa da Ƙarfen Tsintuwa

Bindiga dai kun san ta. To, igwa ce uwarta. A 1906 Ingila ta ƙera jirgin yaƙi mai suna Dreadnought, ta ɗora masa manyan igwa goma, faɗin bakin kowace inci 12. Nauyin harsashi ɗaya kilo 385, kusan buhun gero huɗu ke nan, ga nakiya cunkushe a cikinsa. Ƙanwar irin wannan igwa ta zo kusa da mu. A 1915 an sauke ta daga jirgin Challenger, aka hauro da ita ta Binuwai har Garwa, Jamusawan da ke can suka miƙa wuya.

Ba kowane harsashi ke fashewa ran da aka harba shi ba. Har yau manoman Faransa da Beljiyam suna tono na yaƙin 1914 a gonakinsu, har yau kuma yana kisa. Tsatsa ba ta kashe nakiya. Kada a taɓa!

A wani gida a Bakura, yaro ya dawo daga kiwo rungume da wani ƙarfe kamar guntun taɓarya.

"Inna, duba abin da na tsinto. Mai gwangwan zai saya."

"Kawo nan, ɗan albarka. Dama dutsen murhuna ɗaya ya fashe."

Amarya ta leƙo daga ɗaki, ludayi a hannu. "Haba Yaya, ai ɗana ne ya fara ganinsa. A kai kasuwar Mafara ranar Talata, a raba kuɗin."

"Ɗan naki da ko akuya ba ya iya korowa?"

Tsohuwa kuwa tana daga zaune tana cewa ita za a ba, ta riƙa tokare ƙofa. Ana cikin haka maigida ya yi sallama. Da ganin abin sai salati. Ya kora kowa waje, har tuwon da ke kan wuta aka bari, ya aika wa mai unguwa.

Maƙwabtanmu kam sai haƙuri. Daga Maradun har Mafara, a wannan zamani na tashin hankali, sai ka ga dattijo da furfurarsa yana ƙwanƙwasa irin wannan ƙarfe da guduma, wai tagulla yake nema. Kada a taɓa, kada a kai maƙera, kada a jefa a wuta. Kewaye wurin da ƙaya daga nesa, kori yara da dabbobi, mai unguwa ya kira jami'an tsaro.