Furar 'yan dubiya ta mayar da shi ɗakin tiyata

Aikina jinya ne, a ɓangaren waɗanda aka yi wa tiyata, kuma abin da zan faɗa a kan abokina ya faru, wanda muka tashi tare a Bunkure. Manomin rani ne, gonarsa na cikin filayen da ake shayarwa da ruwan madatsar Tiga, wanda tun shekarun 1970 ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar shinkafa da tumatir. Ruwan da ya azurta mu kuwa, in rana ta take a gona, shi mutanenmu ke kamfata su sha daga magudana. Ta irin wannan hanya taifot ke shiga ciki.

Zazzaɓi ya kama abokin nawa lokacin dashe. Ya je wajen mai kemis, aka ce maleriya ce da taifot, aka ba shi ƙwayoyi a leda, ya sha, da ya ji dama-dama ya ajiye sauran. A mako na uku cikinsa ya kumbura, ya yi tauri kamar katako. Nan ma mai kemis ɗin bai ce a tafi asibiti ba, sai ya kwantar da shi a benci ya sa masa ƙarin ruwa har kwana biyu. Mutumin da hanjinsa ya huje! Wallahi ban san abin da irin waɗannan za su gaya wa Allah ba. Da ƙyar aka kai shi wani asibiti a Kano, aka shiga da shi cikin dare, aka ɗinke hujin, aka wanke cikin.

Ba a asibitinmu aka yi aikin ba, ni ma dubiya na je. Na tarar da mutum ya kai goma a kewaye da gado, biyu na zaune a kan katifar, ɗaya ya danne robar ƙarin ruwa da cinyarsa bai sani ba. Kuloli jere a ƙarƙashin gado. Robar hancin da ya kamata ta riƙa zuƙo ruwan ciki tana yashe a kan filo, filastar na manne da ita. A bakin zaninsa ga ɗigon fura.

Na ce wa gwaggonsa, "Gwaggo, me aka ba shi?"

Ta ce, "Ɗan nan, fura ce 'yar kaɗan, ai ba abinci ba ce. Yaro kwana da kwanaki ba komai a cikinsa, leɓensa duk ya bushe. Kashe shi za su yi da yunwa?"

Ƙaninsa ne ya zare robar don maras lafiyar ya samu ya haɗiya. Sun jira nas ta fita tukuna. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don sun san an hana.

Hanjinsa bai farka ba, ko iska bai fitar ba. Kafin magariba ciki ya sake hawa, amai ya ƙwace masa yana kwance rigingine, wani ya koma huhu. Daga nan sai zazzaɓi da tari, kowane tari yana jan ɗinkin. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya fara tsiyayar ruwa ja-ja, ɗinki ya buɗe, aka sake shiga da shi. Gaskiya ɗinkin mai taifot yakan ba da wahala ko ba a ba shi komai ba, amma aman nan da ciwon huhun nan da hannu aka jawo su. Ya rayu, alhamdu lillahi. Kuɗin aiki na biyu da magani sai da aka jinginar da gonar.

Gwaggonsa ba muguwa ba ce, ƙauna ce ta sa ta, na sani. Amma ku ji ni da kyau. In an ce kada a ba shi komai ta baki, to ba komai: ba fura, ba kunu, ba shayi, ba lemo, ba ruwa. Rubutu ma a shafa masa a goshi da hannuwa, nesa da ciwon, shan ya jira izinin likita. Addu'a da tofi ba wanda ya hana ku. Robar da ba kai ka sa ba, kada ka taɓa ta. In leɓe ya bushe, ku tambayi nas ta nuna muku yadda ake jiƙa shi da auduga.

Masu zuwa da jiƙo da garin magani a aljihu suna cewa na ƙarfin jiki ne, ku bar shi a gida. Masu ɗaga riga su leƙa ɗinki da hannun da bai ga sabulu ba, me kuke nema? Ku shiga bibbiyu, ku ce ya jiki, ku yi addu'a, ku fito. Mai mura ya aiko da gaisuwa. Kada a zauna masa a gado. Kuma don Allah a daina ba maras lafiya labarin wane da aka yi wa irin aikinsa bai tashi ba, a daina ɗaukarsa hoto da roba a hanci ana zubawa a Facebook.

In kana son ka taimaka, ga jini ana nema kullum, ga takardar magani a hannun matarsa, ga gona ba mai ban ruwa. Na sake faɗa: kada a ba shi komai sai likita ya ce, ko kuka yake yi.

Bayan sallama ma akwai sauran aiki. Buhun taki kilo 50 ne, kada ya kusance shi ko buhun shanshera sai ya haura mako 6 kuma likita ya duba shi, in ba haka ba wurin ɗinkin zai iya ɓullowa. Kada ya shiga ruwan gona da ɗanyen ciwo. Wankin ciwo da cire zare a koma asibiti, ba wajen mai kemis ɗin nan ba.