Gasar Iyo a Gajeren Tafki

Jama'a, yau za mu karanta labarin wata gasa ta masu iyo. Ba a kogi ake yin ta ba, ba kuma a kududdufi ba. Tafki ake ginawa musamman, a auna tsawonsa daidai, a cika shi da ruwa mai tsabta. Sai a ja igiyoyi a raba shi layi-layi, kowane mai iyo da nasa layin.

Tafkunan gasa iri biyu ne. Akwai dogo, tsawonsa mita 50. Akwai gajere, tsawonsa mita 25. Mita ɗaya ta ɗara yadi kaɗan, saboda haka mita 25 kamar yadi 27 ke nan. Darasinmu a kan gajeren yake.

Asalin Gasar

An fara gasar duniya ta gajeren tafki a shekarar 1993, a birnin Palma na ƙasar Sifaniya. Daga nan ta riƙa zagaya ƙasashe, galibi bayan shekara bibbiyu. An yi ta a Manchesta ta Ingila a 2008, da Dubai a 2010, da Doha a 2014, da Budapest ta ƙasar Hangari a 2024. Ƙungiyar da ke shirya ta an kafa ta a Landan tun 1908. Da ana ce mata FINA, amma a ƙarshen 2022 aka sake mata suna, ta koma World Aquatics.

Iyon da ake yi iri huɗu ne: iyon rubda ciki, da iyon rigingine, da iyon kwaɗo, da iyon malam-buɗe-littafi. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi lambar zinariya, na biyu azurfa, na uku tagulla.

Me Ya Sa Aka Fi Sauri a Gajeren Tafki?

To, ga lissafi. A ce tseren mita 100 za a yi. A dogon tafki mutum zai je ya dawo, juyi ɗaya kawai ya yi. A gajeren tafki kuwa sai ya ratsa shi sau huɗu, juyi uku ke nan. In tseren mita 1500 ne, juyi 29 a dogo, juyi 59 a gajere.

Kowa zai zaci yawan juyi ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. In mai iyo ya isa bango, sai ya dunƙule, ya doki bangon da ƙafafunsa biyu, ya miƙe a ƙarƙashin ruwa kamar kibiya. Ƙarfin ƙafa ya fi na hannu. Ban da haka, a can ƙasa babu igiyar ruwa mai tare mutum kamar a sama. Ashe kowane juyi riba ce ga wanda ya iya.

Don kada gasa ta koma ta nutso zalla, sai aka kafa doka. A iyon rubda ciki da na rigingine da na malam-buɗe-littafi, dole kan mutum ya fito kafin ya wuce mita 15. A iyon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi kuma, dole ya taɓa bango da hannu biyu a lokaci guda. Wanda ya saɓa, ko shi ya zo na ɗaya, an fid da shi.

Kun san ba a auna hatsin wani da babban mudu, a auna na wani da ƙarami, sa'an nan a ce an yi adalci. Haka nan ba a haɗa lokacin gajeren tafki da na dogo. Kowanne da littafinsa dabam. Akwai kuma faifai a jikin bango, wanda ke tsai da agogo da zarar an taɓa shi. Agogon nan yana raba sakan ɗaya kashi ɗari.

Waɗansu Gwanaye

A Doha, a 2014, wata 'yar Jamaika mai suna Alia Atkinson ta ci tseren mita 100 na iyon kwaɗo cikin minti 1 da sakan 2.36. Ita ce baƙar mace ta farko da ta ci gasar iyo ta duniya.

A Budapest, a 2024, Jordan Crooks na tsibiran Kayman ya yi mita 50 cikin sakan 19.90. Kafin shi babu wanda ya taɓa yin ƙasa da sakan 20. Ku gwada da César Cielo na Birazil, wanda ya yi mita 50 a dogon tafki cikin sakan 20.91 a 2009. Tsakaninsu sakan ɗaya da ɗan kai. A gasar Budapest ɗin kuma Gretchen Walsh ta Amurka ta kwashi zinariya bakwai.

Abin Lura

Waɗannan mutane ba rana ɗaya suka gwanance ba. Tun suna yara malami ya koya musu, a ruwa marar zurfi, da babba a tsaye yana dubansu. Ruwan tafkinsu garau yake, ana ganin ƙasansa, an kuma san zurfinsa. Kududdufin bayan gari ba haka yake ba. Akwai laka, akwai rami, akwai kututture a ɓoye. Kada yaro ya ji labarin nan ya je ya faɗa da ka. Iyo abu ne mai amfani, yana ceton rai ran da kwalekwale ya kife. Amma a koye shi a hannun wanda ya iya, kuma kada a bar yaro ya shiga ruwa shi kaɗai.

Tambayoyi

1. Mita nawa ne tsawon gajeren tafki?
2. A wace shekara aka fara gasar, kuma a wane birni?
3. Juyi nawa ake yi a tseren mita 200 a gajeren tafki?
4. Me ya sa ba a haɗa lokacin gajeren tafki da na dogo?
5. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: iyo, tafki, bango, juyi, agogo.