Shin Kotu Za Ta Karɓi Gwajin Ƙwayoyin Halitta a Shari'ar Fyaɗe?

Tambaya: An yi wa 'yar maƙwabciyata fyaɗe, wanda ake zargi kuma ya rantse bai taɓa ta ba. Na ji ana cewa gwajin DNA yana tona asiri. Kotu za ta karɓe shi? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Allah Ya ba yarinyar lafiya, Ya bi mata haƙƙinta. Baiwar Allah, kotu tana iya karɓa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin jini, yawu, maniyyi da tushen gashi, na kowa daban ne, in ba tagwaye masu kama ɗaya ba. Wani masani a Ingila, Alec Jeffreys, shi ya gano dabarar a 1984. A shari'ar kisa ta farko da aka gwada ta, sai da ta wanke wani matashi da 'yan sanda suka tsare, sannan ta kai ga ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, aka ɗaure shi a 1988.

A babbar kotu, Dokar Shaida ta 2011 ta amince da bayanin ƙwararre. A ɓangaren shari'ar Musulunci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2002 cewa ana iya dogaro da gwajin wajen binciken laifi, amma ba a tsayar da haddi ko ƙisasi da shi. Ke nan hujja ce mai ƙarfafa zargi, alƙali ya haɗa ta da sauran shaidu.

Abin da ya fi damuna shi ne a gida hujjar take lalacewa. Hankalin uwa ya tashi, sai ta ɗora ruwan zafi ta gasa yarinya, ta wanke zanen da kamfai, ko ta ƙone su don gudun abin kunya. Tausayi ne, amma an wanke shaida ke nan. Kada a yi mata wanka kafin likita ya duba ta. Tufafin a bar su su bushe, a naɗe cikin takarda mai tsabta. Leda tana riƙe danshi, ta ɓata su. Ɗakunan gwajin kaɗan ne a ƙasar nan, irin wanda Legas ta buɗe a 2017, don haka samfurin zai iya yin doguwar tafiya.

Ki gaya wa maƙwabciyarki ta kai yarinyar asibiti yau, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Daga nan ta kai ƙara wurin 'yan sanda, kada ta bari a rufe maganar a zaure.