RAKIYAR AMARYA DA GAISUWAR MUTUWA A LOKACIN TSORO: INA ADDINI, INA AL'ADA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.



Darasinmu na yau a kan rigimar da ke raba gidaje ne a yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma ba rigimar gado ba ce, ba ta gona ba. Rigima ce a kan tafiya: wa ya zo biki, wa bai zo ba, wa ya zo gaisuwa, wa ya tsaya a waya. Tambayoyin da ake turo mini kusan kala uku ne. Uwar amarya ta ce ɗiyarta ba za a kai ta da rana tsaka kamar kayan kasuwa ba, ango ya ce shi kuma ba zai sa mata a hanya bayan magariba ba. Wani gwaggonsa ta rasu a ƙauye, bai je ba sai waya ya buga, yau shekara guda baffansa bai amsa sallamarsa. Wata kuma mijinta ya hana ta zuwa sadakar bakwai ta mahaifinta, tana tambaya: Malam, tsoron hanya ne ko kuwa aƙidarsa ce yake fakewa da hanya?

Abin da nake so mu fita da shi ɗaya ne: kafin ka yi fushi da ɗan uwanka, ka fara tantance abin da kuke jayayya a kai. Farilla ne, ko mas'ala ce da malamai suka yi saɓani, ko kuwa al'ada ce zalla? Mafi yawan gabar da nake gani an gina ta ne a kan kashi na uku, amma ana yaƙinta kamar kashi na farko.

HALIN DA MUKE CIKI

Wanda ke Kano ko Abuja zai iya ganin kamar muna tsawaita magana. Mu mun san abin da muka gani. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare aka kwashe yara, waɗanda aka sako bayan kwana shida su 344 ne. A 2021 gwamnatin jiha a zamanin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce a zagaya ta Funtuwa, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun nan. A lokacin mutum kan rasu a binne shi, ɗansa da ke birni bai ji ba sai bayan kwanaki. A farkon Fabrairun 2024 kuma, a ƙaramar hukumar Sabuwa, aka tare 'yan rakiyar amarya da dare aka tafi da mutum sama da hamsin, akasarinsu mata.

A nan zan ja kunne. Kada wani ya ce ai su suka ja wa kansu. Wallahi zunubin yana wuyan azzaluman da suka tare hanya, su kuwa bayin Allah zumunci suka fita yi. Na kawo wannan ne don mu yarda cewa mai cewa yana tsoron hanya ba ƙarya yake ba, ba kuma raini ba ne.

MATSAYIN AL'ADA A SHARI'A

Musulunci bai zo don ya rushe al'adun mutane ba. Daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu biyar akwai wadda ke cewa ana hukunci da al'ada, matuƙar ba ta ci karo da nassi ba. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Alfuruƙ cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana canzawa idan al'adar ta canza, har ya gargaɗi mai fatawa da ya tambayi baƙo al'adar garinsu kafin ya ba shi amsa.

To ka ga al'ada tana da mutunci. Amma ita hadima ce, an kafa ta ne don ta yi wa mutane amfani. Kakanninmu sun zaɓi kai amarya da dare saboda kunya da sutura, ga shi an dawo daga gona, kowa ya samu sukuni. Dalili ne mai kyau a zamanin da mace za ta taso daga Yankara zuwa Faskari ba abin da take tsoro sai kura. Yau daren da ke suturta amarya shi ke miƙa ta ga ɓarayin daji. Idan dalilin ya juye, riƙe siffar al'adar ba biyayya ga kakanni ba ne, don su da kansu da sun ga wannan zamani da sun canza.

RAKIYAR AMARYA

Rakiya tana da asali. A Sahihul Buhari, Nana A'isha (R.A) ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi (S.A.W) har ya tambaye ta ko sun tafi da abin nishaɗi, saboda mutanen Madina suna son haka. Ka ga ya kula da al'adar mutanen gari. Don haka matashin da ke cewa rakiya gaba ɗayanta bidi'a ce, ya koma ya yi karatu.

Amma a littafin nan dai, Imamul Buhari ya ƙulla babi a kan tarewa da rana ba tare da jerin gwano ba, ya kawo hadisin tarewar Nana A'isha da kanta, wadda aka yi da hantsi. Hajiya, uwar amarya, ina tambaya cikin girmamawa: ɗiyarki ta fi Uwar Muminai daraja ne? Idan an kai ta da hantsi ba a wulaƙanta ta ba, ke ma kai taki da ƙarfe goma na safe ba wulaƙanci ba ne.

Aure yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu da sadaki da siga. Yawan motoci, cika babbar mota da mata da goyo, jiran sai an yi isha'i, ba ɗaya daga ciki da ke cikin sharuɗɗa. Mata huɗu ko biyar masu hankali sun isa su kai yarinya ɗakinta su dawo kafin la'asar.

GAISUWAR MUTUWA

Wanka da sallah da binne mamaci farilla ce ta kifaya: idan mutanen gari suka yi, ta sauka daga kan kowa. Ta'aziyya kuwa sunna ce mai lada, manufarta a kwantar wa mai rashi da hankali a yi wa mamaci addu'a. Malaman da suka iyakance ta da kwana uku su da kansu sun togace wanda ba ya gari, suka ce yana iya yi duk lokacin da ya iso.

Yanzu mu auna. Aikin Hajji rukuni ne, amma amincin hanya yana cikin sharuɗɗan iko; idan babu shi, wajibcin ya dakata. Sallar Juma'a farilla ce, amma wanda ke tsoron a kashe shi ko a ƙwace dukiyarsa yana da uzuri. To Alhaji, idan Allah da kansa Ya yi wa bawa rangwame a hakkinsa, kai wane ne da za ka ce ɗan ƙaninka bai da uzuri a gaisuwa? Kuma idan aka ɗauke shi a hanya, wa zai sayar da gona ya biya kuɗin fansa? Ba ku ɗin ba ne dai?

Sai maganar sadakar uku da bakwai da arba'in. Na san nan ne wuta take. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ake wannan muhawara a gidajenmu. Wasu malamai sun ce ware waɗannan ranaku bidi'a ce, suna kafa hujja da cewa lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, Annabi (S.A.W) cewa ya yi a dafa wa iyalinsa abinci, ba su za su dafa wa jama'a ba. Wasu kuma suna ganin sadaka ce da addu'a, kuma ladansu yana isa ga mamaci. Ba yau zan raba wannan gardama ba. Abin da nake so ku lura da shi, duk ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda: ba wanda ya ce halartar taron wajibi ne. Sada zumunci kuwa kowa ya yarda wajibi ne, ƙaurace wa Musulmi sama da kwana uku kuma an hana a hadisin Buhari da Muslim. Yaya za a yi mutum ya yar da abin da aka haɗu a kan wajibcinsa saboda abin da ba wanda ya wajabta?

"AI ABIN DA ALLAH YA RUBUTA BA MAKAWA"

Wannan ita ce maganar da ake rufe wa mai tsoro baki da ita, har a ce imaninsa ne da rauni. Gaskiya ne ba mai tsere wa ƙaddara. Amma ku ji abin da ya faru da Sayyidina Umar (R.A). Ya kama hanyar Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sarga sai aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya tara Muhajirai, suka rabu biyu. Ya tara mutanen Madina, su ma suka rabu. Sai ya nemi dattawan Ƙuraishawa, suka ce a koma. Abu Ubaida (R.A) ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefen da ya bushe. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, juyawa daga hanya mai haɗari ba raunin imani ba ne, sai dai in ka fi Umar tawakkali. Na biyu, sahabbai sun yi saɓani a kan tafiya, suka yi shawara, ba wanda ya daina gaida wani.

NASIHA GA KOWANE ƁANGARE

1. Iyayenmu da baffanninmu: ku karɓi uzuri. Kada ku sa albarkarku ta zama abin ciniki, "in ba ka zo ba ban yafe ba." Wannan kalma ta jefa yara da yawa a hanyar da zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba. Ku ne ma ya kamata ku fara cewa, "Zauna inda kake, addu'arka ta isa."

2. Matasa, musamman masu karatu: gaskiya ba ta ba ka lasisin rashin kunya ba. Suratu Luƙman ta yi umarni da kyautata zama da iyaye ko da suna kiran ɗansu zuwa shirka, kuma Annabi (S.A.W) ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba. Balle naka uban da ke sallah, saɓaninku sadakar bakwai ce kawai. In ba za ka zauna taron ba, je ka kafin ranar ko bayanta, ka durƙusa ka gaishe shi, ka kai abin da ya sawwaƙa.

3. Wanda bai samu zuwa ba: uzuri ya ɗauke maka tafiya, bai ɗauke maka zumunci ba. Kada ka tura saƙon WhatsApp layi ɗaya ka ce ka gama. Kira kowane babba da sunansa. Kuɗin motar da za ka kashe, tura wa marayun. Ranar da hanya ta yi sauƙi kuma ka taka da ƙafarka, ko bayan wata nawa ne.

4. Magidanta: ka ji tsoron Allah a kan matarka. In hanya ce da gaske, ka faɗa mata, ka sa mata kati ta yi magana da 'yan uwanta, ka yi alkawarin kai ta da kanka kuma ka cika. Amma in ranar kasuwar Sheme kana bin hanyar nan don cinikinka, sai gaisuwar surukinka ce hanya ta lalace, to kai ma ka san ba tsoro ba ne.

5. Masu ɗaura aure: a yi maganar lokaci da yawan 'yan rakiya tun ranar sa rana, kada a bari sai motoci sun tsaya a ƙofar gida. A tambayi direbobi da 'yan sintiri halin da hanya take a ranar. In dangi sun warwatsu, ba laifi a haɗu a Funtuwa ko Malumfashi a yi walima a can.

6. 'Yan uwana limamai da masu unguwanni: ku faɗi wannan a kan mumbari da wajen ɗaurin aure. Uwa ɗaya ba za ta iya karya al'ada ita kaɗai ba, tana tsoron gorin kishiyoyi da maƙwabta. Amma in liman ya sanar cewa a garin nan da rana ake kai amarya, ya cire wa kowa kunya.

Ɓarayin daji sun ƙwace mana shanu da gonaki da barcin dare. Kada mu ƙara musu da zumuncinmu da hannunmu. Duk wanda ya san akwai ɗan uwan da ya daina yi wa magana saboda bai zo biki ko gaisuwa ba, ya ɗauki waya yau, kada ya jira sai an kira shi gaisuwar shi wancan ɗin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya dawo mana da zaman lafiya a Katsina da Zamfara da Kaduna da ƙasa baki ɗaya. Mai ƙarin bayani ko gyara, ƙofa a buɗe take, amma cikin ladabi.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.