Iskar Hunturu da Itatuwan Gida: Darasi ga 'Yan Kasuwa da Magidanta

Iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Wadda ta kaɗa rumfunan Maraɗi ita ce ke isa Jibiya da Katsina, wadda ta tayar da ƙura a Magarya ita ce ke rufe Maigatari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu takan huro daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta yi ƙarfi da hantsi, ta lafa da maraice. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. To, ku sani da wuya ta kayar da itace mai lafiya. Abin da takan yi shi ne ƙarasa aikin da gara da ruɓa da sakaci suka fara.

Itacen da ya kamata a duba

Ku zagaya kowane itace da ke inuwanta ɗakin kwana, madafa, turken dabbobi ko rumfar kasuwa. Ku lura da waɗannan alamu:

1. Busasshen reshe wanda ɓawonsa ya kwaye.
2. Hanyar gara a jikin itace, ko shuri a gindinsa.
3. Kogo, ko amon ganga idan an buga gindin da ƙota.
4. Karkacewar da babu ita bara, ko ƙasa ta tsage ta ɗaga a gefe guda.
5. Saiwar da aka sare wajen haƙa harsashin gini ko magudanar ruwa.
6. Ƙuna a gindi, inda mai shayi ko mai tuya ke hura wuta kullum.

Itatuwa sun bambanta. Kuka takan zubar da ganye da rani, iska ta ratsa ta ta wuce. Gawo kuwa da rani yake cika da ganye, don haka yakan tare iska a lokacin da take kaɗawa. Darbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko dogon yaro, idan an taɓa yi mata kwalkwabo, sababbin rassan da take fitarwa ba su kama uwar da ƙarfi, sukan ɓalle.

Yadda ake sassabe

A zaɓi ranar da iska ta kwanta. Babba ne zai hau, ba yaro ba, a kuma kawar da jama'a daga ƙasa. A fara sara ta ƙarƙashin reshe, sannan a gama ta sama, don kada ya yage ɓawo ya buɗe wa gara ƙofa. A cire matacce da wanda ya rataya kan rufi, a bar sauran. Reshen da ya kusanci wayar lantarki aikin ma'aikatan wuta ne: NIGELEC a Nijar, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar, saboda haka a nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a sare shi. Wannan aiki riba biyu ne, domin guguwar farkon damina ta fi ta hunturu ɓarna, kuma za ta tarar kun shirya.

Rufi da rumfa

Kwanon da ƙusarsa ta saki, idan iska ta ɗauke shi, wuƙa ce mai tashi. A sake kafa ƙusa, a ɗaure katakon rufi da waya a jikin bango. Duwatsu da bulo da ake dannewa da su sukan gangaro kan mutane. A kasuwa, a sauke tampol da laima idan iska ta tsananta, a kashe murhu kafin a tashi, kuma kada a ajiye fetur kusa da mai gashi.

Idan tsautsayi ya auku

Waya ta faɗi: a nisance ta da aƙalla mita 10. Kada a taɓa wanda ta kama, ko reshen da take kai, sai an tabbatar an yanke wuta.

Jini na zuba: a danne wurin da ƙyalle mai tsabta har minti 10 ba ɗagawa. Kada a zuba ƙasa, toka, kashin shanu ko baƙin mai, domin ta nan cutar sarƙe haƙora ke shiga. A je a yi allurar rigakafinta, ko da yankan kwano ƙarami ne.

Reshe ya bugi kai: amai, suma, barci mai nauyi, jijjiga, ruɗewar magana, ko jini daga kunne, duk alamu ne na gaggawa. Sukan ɓoye har wasu sa'o'i, don haka a sa ido a kan mutumin kwana guda cur, musamman yaro.

Ciwon wuya ko baya, ko ƙafa ta mutu: kada a ciccibe shi hannu da ƙafa, kada a ɗora shi a babur. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a nemi mota.

Ƙashi ya huda fata: a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tallafe gaɓar yadda take, a wuce asibiti kafin a nemi maɗori. Gidan likita mafi kusa shi ne naku, ko da yana tsallaken iyaka.

Ya ku iyaye da shugabannin kasuwa, ku tsayar da rana ɗaya cikin wannan mako ku duba itatuwanku tare da maƙwabta, domin reshen gidan wani kan faɗa gidan wani. Inuwa ni'ima ce, kula da ita amana ce. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.