Yadda ake sa sabuwar lasifika a tsohuwar mota

Tsofaffin motoci ne ke kai mutanen karkara kasuwa. Wasu Toyota ne, wasu kuma Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968. A cikinsu fasinja ke jin labarai da shirin manoma. Amma sau da yawa muryar rediyon ta dushe, sai kururuwa. Galibi rediyon lafiyarta lau. Lasifika ce ta tsufa.

Mece ce lasifika?

Ita ce bakin rediyo. Gabanta takarda ce mai kauri, bayanta maganaɗisu. Idan wuta ta shiga, takardar tana rawa kamar fatar ganga, sai murya ta fito. Zafin rana da ƙura da damshin damina suna cinye takardar. In ta yage, sai a canza.

Kafin a saya

A ciro tsohuwar, a auna faɗinta. Na mota galibi santimita 10 ne, ko 13, ko 16 da rabi. A auna zurfin raminta kuma. Idan bayan sabuwar ya yi tsawo, gilashin ƙofa zai buge shi wajen sauka.

A duba lambar da ke bayanta. Lasifikar mota galibi om 4 ce. Kada a haɗa biyu a waya guda. Yin haka yana mai da su om 2, rediyo ta yi zafi har ta ƙone.

Kada babbar lamba a jikin kwali ta ruɗi mai saye. Ƙarfin rediyon mota bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba. Ƙatuwar lasifika ba ta ƙara mata ƙarfi.

Yadda ake ɗaurawa

1. A kashe mota. A kwance kan batir mai alamar ragi (–) kafin a taɓa kowace waya.

2. A duba tsofaffin wayoyi. Wadda robarta ta bushe ta tsage, a canza ta.

3. A gane ƙafafun lasifika. Ɗaya ta tarawa ce (+), ɗaya ta ragi (–). In babu alama, a ɗauki batir ɗaya na tocila, a taɓa ƙafafun da shi sau ɗaya. Idan takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan (+) na batir ita ce ta tarawa. A haɗa ta dama da ta hagu iri ɗaya. In aka juya ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai muryar ta yi siriri.

4. Kowace lasifika a ja mata wayoyi biyu daga rediyo. A wasu motocin dā, waya ɗaya ake ja, jikin mota ya zama ta biyu. Rediyon zamani ba ta jure wannan. In wayarta ta lasifika ta taɓa ƙarfen mota, tana iya ƙonewa.

5. A ɗaure ta da sukuru huɗu, ta zauna daram. In ramin ya fi ta faɗi, kafinta ya yanko zoben katako a sa tsakani. Kada a bar kafa a gefe, don kafa tana cinye kaurin murya.

6. Ruwan sama yana bin gilashi ya shiga ƙofa. A yi wa bayan lasifika ƴar rumfa da leda daga sama.

7. A naɗe duk mahaɗin waya da salatif. Sannan a mai da kan batir, a gwada da ƙaramar murya, a sauke gilashi a ɗaga.

Abin da ya fi muhimmanci

Wayar da ke kawo wa rediyo wuta dole ta bi ta fis. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Na rediyo galibi mai lamba 10 ne. In ya tsinke, a nemi dalili, a sa irinsa. Wasu na cusa waya ko takardar kwalin taba a madadinsa. Wannan ganganci ne. Waya za ta yi ja, roba ta kama, ga fetur, ga mutane cike da mota. Wanda bai saba ba, ya kai wa mai gyaran wutar mota.

Direba kuma ya kula da abu biyu. Kada ya bar rediyo tana yi alhali inji na kashe, don batir zai mutu a tsakiyar daji. Kada ya ƙure murya har ya kasa jin oda, ko kiran yaron mota.

Tambayoyi

1. Wane kan batir ake fara kwancewa?
2. Me ya sa ba a haɗa lasifika biyu a waya guda?
3. Mene ne aikin fis?